Mai Shayin Bakin Bututu

A bayan wani injin casar shinkafa a Funtua akwai bututun da ke zubar da ruwan zafi cikin kwata. Nan wani dattijo mai tsabtar riga da gyararren gemu ya kafa teburin shayi. Yana tara butarsa a bakin bututun, maiƙon inji na yawo a saman ruwan, ya haɗa wa 'yan dako shayi da shi, mutanen da ciwon cikin yini guda ke hana iyalinsu tuwo.

Na ce, "Malam, wannan za su sha?"

Ya ce, "Alhaji, zafi ne kyauta. A bar shi ya bi kwata?"

Da ya zauna karyawa, sai ya jawo filas daga ƙarƙashin teburin, wanda nake zaton a gida aka cika masa, ya tsiyaya nasa.