Sitikar Pak Cik Salleh

Muttaka bai taɓa sanin wai sai da takarda ake zama naƙasasshe ba, sai da ya zo Kuala Lumpur karatun digiri na uku. Cutar shan inna ta shanye masa ƙafar hagu tun yana shekara huɗu. A Kano duk mai gadin da ya ga yadda yake jefa ta, buɗe masa ƙofa yake yi ya ajiye mota a gindin bene, har da sannu.

A nan kuwa, a dogon benen da muke haya a Cheras, akwai wurin ajiye motar naƙasassu mai shuɗin fenti daf da lif, amma sai mota mai sitika. Ya cike fom, ya kai takardar likita, har wando ya naɗe ya nuna. Matar ofishin ta duba fasfonsa, ta ce cikin ladabi wannan na 'yan ƙasa ne. Shekara biyu yana barin mota can ƙasan tudu, ya hawo da sanda, ko rana ko ruwa, ya iso gida ko sallamar kirki ba ya iya yi. Ni da nake maƙwabcinsa na gaji da kallo, balle shi.

Sai ga Pak Cik Salleh, wani tsoho ɗan ƙasa a hawa na shida. Yana da katin naƙasassu, ba shi da mota, kuma sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda. Muttaka ya ɗauki nauyin kai shi, aka rubuta motarsa a matsayin mai ɗaukar tsohon, aka manna sitika. Ba ha'inci a ciki. Zai kai shi, ya zauna awa huɗu a benci yana rubutunsa, ya dawo da shi.

Watan jiya ɗan tsohon ya zo daga Johor ya tafi da ubansa. Halimatu, matar Muttaka, ta ce a bar sitikar mana, saura wata bakwai ta ƙare, wa zai sani? Da safe na tarar da shi yana kankare ta da reza.

Na ce, "Malam, kewar tsohon ce?"

Ya ci gaba da kankarewa.

"Shekara ɗaya da rabi ina ce masa Baba," in ji shi. "Amma wallahi da yaron nan ya ce zai tafi da shi, wurin ajiye mota na fara tunawa. Sai daga baya na tuna da tsohon."