Ƙanƙarar da Na Jefa a Randa

A shekarata ta ƙarshe a ƙaramar lakwal, wato firamare, nan Matameye, ni ce 'yar gaban goshin Mushe, kamar yadda muke kiran malamin ajinmu. Ni ke goge allo, ni ke ɗauko masa alli, in za a gwada wani abu a gaban aji ni ake kira. Sai aka kawo wata yarinya daga Damagaram, ɗiyar wani Alhaji mai shagon atamfa. Ba ta taɓa yi mini komai ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Wata safiya Mushe ya ce in mun dawo da yamma zai nuna mana yadda ƙanƙara ke zama ruwa, ruwa ya zama tururi, tururin ya sake komawa ruwa. Wanda ya kawo ƙanƙara shi zai tsaya kusa da shi ya riƙe murfin tukunya. Yarinyar ta ɗaga yatsa a hankali ta ce, "Mushe, muna da firigo a gida, yana yin ƙanƙara."

Ban san lokacin da na ce ni ma zan kawo ba.

Ana tashi na zarce tasha wurin kawuna mai sayar da ruwan sanyi. Ya faso mini gutsure kamar dunƙulen hannu, ya turbuɗa shi cikin dusar katako, ya naɗe da tsohon buhu.

"Kar ki kwance shi, kin ji ko?"

Na ce to, amma a hanya na yi ta raina wayonsa. Cikin wannan zafi na bazara, wa zai lulluɓe abu ya ce sanyi yake nema masa? Ni da nake zuwa ta ɗaya za a koya wa? Ina isa gida na kwance buhun, na wanke ƙanƙarar tas, na jefa ta cikin randar Inna, tunda duk gidanmu babu abin da ya kai ta sanyi.

Bayan azahar na zura hannu har kafaɗa. Na laluba, na sake lalubawa, babu komai sai ruwa. Inna kuwa sai yabon randarta take yi, wai yau ta tashi da sanyi.

A aji yarinyar ta fito da tata ƙanƙarar daga cikin buhu, irin naɗin da na raina. Mushe ya tambaye ni tawa, na faɗi gaskiya. Ya yi dariya har da dafa tebur, sannan ya bayyana wa aji cewa buhun zafi yake tarewa, ruwan randa kuwa duk sanyinsa ya fi ƙanƙara ɗumi. Da labarina aka fara darasin, amma ita ta riƙe murfin. Ina kallo tururi ya taru a cikinsa ya fara ɗiga, yara suna tafi, ni ina addu'ar murfin ya ƙona ta.

Da aka gama, ta zo ta sa mini ragowar ƙanƙarar a hannu. "Ungo, ke ma ki sha."

Da gori ta yi mini, da ya fi mini sauƙi. Maƙogwarona a bushe yake, amma na dunƙule hannu a ƙarƙashin tebur, sanyin yana cizon tafina, har ta narke ta jiƙa mini zane. Ko lasa ban yi ba.

Washegari Mushe ya ɗauki tsumman goge allo, ya wuce ni, ya miƙa mata.