Kwalin Wayoyin Inna Tafireta

Inna yayar mahaifiyata ce, amma a duk layin shagunan, Tafireta ake ce mata, don da keken rubutu ta fara neman abinci. Shagonta ɗaki ɗaya ne mai tsawo: injin kwafi a bakin ƙofa, kwamfuta biyu a tsakiya, teburin ɗaure littattafai a can ƙurya, sai fanka ɗaya a sama mai ƙara kamar tsoho yana tari. Nawa shagon manne yake da nata, kayan rubutu nake sayarwa. Ni kuwa mace ce mai lissafi. In na shiga ɗaki, kafin in zauna na san kujerun nawa ne da mutanen da ke kansu.

Iyayen su Inna sun rasu tana budurwa, suka bar mata ƙanne uku. Da yatsunta goma ta raine su. Autansu, wato Kawuna, shi ya fi cin gajiyar yatsun nan, don shi kaɗai ya yi karatu mai zurfi. Ana ce masa Lauya, ko da yake bai taɓa shiga kotu ba, bakin ne kawai Allah ya ba shi. Ita dai Auta take kiransa har ya yi furfura.

Karatun Inna a bakin injin kwafi ya samo asali. Ɗalibai kan kawo littafi a yi musu kwafi, kuma dole ta buɗe kowane shafi ta kifa shi a kan gilashi. Kafin injin ya numfasa ya tofo takarda, idonta ya sha layi biyar. Wata rana aka kawo wani littafi a kan yadda waya ke jan hankalin mutum, ta gama aikin ta ƙi bayarwa sai da ta kai ƙarshe. Daga nan ta shiga sayen nata, kwance, a wajen masu baza littattafai a gefen titi. Duk kusan iri ɗaya: na'ura, ƙwaƙwalwa, barci, mantuwa, da yadda zaman mutane ya canja. Na ƙirga su, arba'in da uku ne a kan kantar da ke bayan teburinta.

Mai karatu irin haka baki ba ya zama shiru. Duk wanda ya zo kwafin katin shaida sai ya tafi da bayani.

"Ka san me ya sa babban yatsanka ba ya hutawa?" in ji ta ga Direba, wani mai tasi da ke ajiye mota a gaban shagon. "An ƙera abin ne don kada ka ga ƙarshensa. Kana ja, yana zuwa."

"Tafireta, kwafi ɗaya na ce, ba wa'azi ba."

"Kwafin ya fito tun ɗazu. Kai ne ba ka ɗago kai ka gani ba."

Haka zaman Asabar ya faro. Da yamma in ciniki ya lafa, sai ta ja ƙofa rabi, in kawo kujerun roba daga shagona, ta karanta babi ɗaya tana fassara shi da irin maganarmu. Doka ɗaya ce tak. Akwai kwalin takarda da ta ajiye a kan injin kwafi, duk mai shigowa sai ya kashe wayarsa ya jefa a ciki. Ni ce mai lissafi. In kawuna goma sha ɗaya ne, sai na ga waya goma sha ɗaya kafin ta buɗe littafi. Ba a taɓa samun giɓi ba.

Bayan karatu takan rufe littafin a kan cinyarta ta ce, "Wayoyi suna kwali. Abin da aka faɗa a nan, a nan zai tsufa. Wa ke da magana?"

Da farko raha ake yi. Tela, mai ɗinki a layinmu, ya ce ya taɓa ɗinke aljihun wando gaba ɗaya yana kallon ƙwallo. Direba ya ce matarsa na aiko masa saƙo daga ɗaki yana falo, shi kuma yana ba ta amsa. A hankali maganar ta yi nauyi. Mutane suka fara faɗin abin da ba su faɗa wa na gida ba, saboda sun ga kwalin da idonsu, kuma sun san Inna ba ta magana biyu.

Kawu bai taɓa fashi ba. Shi ne farkon jefa waya, har da ɗaga ta sama kowa ya gani. Kullum cikin riga mai aljihun ƙirji, da hankici a naɗe ya leƙo. Yakan ja kujerarsa kusa da duk mai magana, wai kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Kuma ba ya zama sai ya ce, "Yaya, don Allah a kashe fankar nan, mura take sa ni."

"Lauya, mu goma za mu dahu saboda hancinka ɗaya?" in ji Tela.

"Ku yi masa haƙuri," in ji Inna. "Tun yana yaro ƙirjinsa ba ƙwari."

Sai a kashe. Mu yi ta fifita da bangon tsofaffin takardu.

A cikinmu akwai Nas, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti da ke bayan layinmu. Mace ce mai sanyin magana, tana da wata ɗabi'a ta cewa "kin gane ko" a ƙarshen kusan kowace jimla, ko da namiji take yi wa magana. Ranar da Inna ta karanta babin da ke cewa hankali ba ya riƙe aiki biyu lokaci guda, sai dai ya yi ta tsalle tsakaninsu, Nas ta bari kowa ya gama. Sannan ta ce ita abin ya faru a kanta. Tana bakin aiki ta ɗauki waya don duba saƙo ɗaya, kafin ta ɗago ruwan da aka ɗaura wa wani dattijo ya ƙare, jini ya fara komawa cikin robar. Allah ya kiyaye, bai yi masa illa ba, ba wanda ya sani. Amma tun ranar ba ta yafe wa kanta ba. Ta yi kuka. Inna ta tashi ta dafa kafaɗarta ta ce, "Kin sauke. Nan ya tsaya."

Bai tsaya ba. Wata safiya Tela ya shigo shagona ko sallama babu, ya ajiye waya a kan kantata ya danna. Muryar Kawu ce ta fara fita, a gyare, da ɗan kiɗa a ƙasa, yana yi wa masu sauraro barka da zuwa shirinsa na tunani da zamani. Bayanin Inna ne yake zubawa kalma da kalma kamar daga kansa ya fito. Sai ya ce ga shaida daga bakin wata ma'aikaciyar lafiya. Sai muryar Nas, tar, ba ƙarar fanka ko kaɗan. Na ƙirga "kin gane ko" bakwai.

Na duba shafinsa na intanet. Shiri goma sha tara ya saka. Direba na ciki, Tela na ciki, har da ni.

Muka kai wa Inna wayar, ta saurara a tsaye, hannunta a kan injin kwafi. Ta ce, "Kira min shi."

Ya zo da fara'arsa. Ta miƙa hannu ta zare hankicin aljihunsa, ga wata 'yar siririyar waya a bayansa.

"Auta, wannan fa?"

"Yaya, ki tsaya ki ji. Ban ambaci sunan kowa ba. Ilimi irin wannan ya ƙare a ɗaki ɗaya da mutum goma sha ɗaya? Dubbai ke sauraro yanzu. Ke kika ce mutane na buƙatar su ji."

"Na ce su ji littafi. Ban ce su ji kukan yarinyar mutane ba."

"Ai darasi ne. Wata nas ɗin za ta ji ta gyara."

"Murar fa?"

Ya yi 'yar dariya. "Fankar taki ce ke ɓata sauti, Yaya."

A nan ne na ga fuskar Inna ta canja. Ba wayar ce ta fi yi mata ciwo ba, ina jin. Ta tuna duk Asabar ɗin da ta sa mutane suka yi gumi, tana ba su haƙuri da bakinta, tana kare ƙirjin yaron da ta goya.

Ya goge shirin a ranar, amma ya riga ya zaga. A asibiti ba wanda ya buƙaci suna, kowa ya san mai cewa "kin gane ko". Aka dakatar da Nas, aka zauna a kanta, daga baya aka mayar da ita ɗakin ajiye katunan marasa lafiya. Ba ta ƙara taɓa majinyaci ba, aikin da ta ce shi kaɗai ta iya a duniya.

Inna ta je gidanta. Na raka ta. Nas ta fito bakin ƙofa ta gaishe ta da ladabi, ba ta ce mu shiga ba.

"'Yata, na zo ba ki haƙuri."

"Inna, ba ke kika ɗauka ba, kin gane ko. Amma ba don Lauya na yi magana ba. Don ke na yi. Ke kika ce nan ya tsaya."

Inna, mace mai littafi arba'in da uku, ta kama hannuna. Muka juyo.

Asabar ta gaba na fito da kujeru goma sha ɗaya kamar kullum. Mutum huɗu suka zo. Suka jefa wayoyi a kwali, na ƙirga, huɗu. Sai na kama kaina ina kallon aljihun kowa, na kuma ga Tela yana kallon jakata. Inna ta karanta babin har ƙarshe, fanka na ta tari a sama. Ta rufe littafin a kan cinya. Muka jira tambayar da ta saba yi. Ta daɗe tana kallon kwalin, sannan ta ce, "To, sai wani satin."

Har yau tana karatun, ga duk wanda ya zo, amma ba ta ƙara tambayar wa ke da magana ba. Ta ce ba ta da abin da za ta ba mutum jingina.

Kawu ya bari ƙura ta lafa, sannan ya leƙo wata rana da tsakar ciniki. Ya jingina da injin kwafi ya ce masu sauraronsa na ta tambaya, ko Yaya za ta ara masa littafin nan mai magana a kan barci.

Inna ba ta ɗago daga littafin da take ɗaurewa ba. Ta ja zare ta ƙulle, ta yanke.

"Malam," ta ce, "kwafi za a yi maka ko ɗauri? In babu, ka matsa, akwai mutane a bayanka."