Gyaran Gwaggo Hanne

Barira 'yar Malam Sadisu ce ta Toranke, kuma ita ce mace ta farko a gidansu da ta taka jami'a. Shekara huɗu tana Kano tana karatun akanta da binciken kuɗi. Duk shekara sai babanta ya kai buhunan gyaɗa kasuwar Ajingi kafin a biya kuɗin makaranta, in bai isa ba ƙanwarsa, Gwaggo Hanne, ta kwance bakin zani ta cika. Barira ta gama, ta yi bautar ƙasa, ta dawo da takarda mai kyau. Daga nan fa sai shiru. Ta rubuta neman aiki har ta haddace wasiƙar, ta hau motar Kano zuwa intabiyu sau bakwai, kullum amsar ɗaya ce: za mu kira ki. Mutanen gari kuwa, ka san halinsu, suka laƙaba mata "Akanta", rabi yabo rabi zolaya.

A shekara ta uku da dawowarta aiki ya zo, amma ba irin wanda ta roƙa ba. Ƙungiyar matan garin masu matsar man gyaɗa ta nemi rancen inji, masu ba da rancen suka ce sai wanda ya san aiki ya binciki littafinsu ya sa hannu. Shugabar ƙungiyar, Hajiya Asama'u, ta ce ga Barira a gida, me za a je nema Gaya?

Kwana biyu ta yi a kan littafin, sai ga giɓi ya bayyana. Wajen matsa an rubuta kowace jarka kwalba talatin da uku take ci. Wajen sayarwa kuwa talatin ake gani. Jarka ashirin a wata, kwalba sittin ke nan sun bi iska. Kuma mai sayar wa ƙungiya a kasuwa ba kowa ba ce, Gwaggo Hanne ce.

Abinci ya daina shigar mata. Ta sake lissafin sau biyar, ko Allah zai sa ita ce ta yi kuskure, amma ina. Tsoro ya kama ta sosai. In ta rufe, ta sa hannu a kan ƙarya tun a aikinta na farko. In ta rubuta abin da ta gani, za a kira ƙanwar ubanta ɓarauniya a Toranke har jikoki su ji. A makaranta an koya mata yadda ake gano giɓi, ba a koya mata yadda za ta ci gaba da gaishe da mai giɓin kowace safiya ba.

Abu ɗaya ya rage cikin ƙa'idar aikin: kafin ka rubuta, je ka gani da idonka. Ranar kasuwar Ajingi ta bi Gwaggo, ta zauna a gefe da ɗan littafinta, wai hira ta zo taya ta. Mai saye ta farko ta miƙo robarta. Gwaggo ta auna kwalba, ta juye, sannan ta tsoma ludayi ta ƙara mata. "Ga gyara." Ta biyu ma haka. Wata tsohuwa har ludayi biyu ta samu, don an yi mata rasuwa. Barira tana ta jan layi a littafin a ɓoye, kowane ludayi layi ɗaya. Da suka tashi ta gwada, ludayi goma ke cika kwalba. Lissafi ya fito cif. Ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka.

A taron ƙungiya ta karanta rahotonta. Babu sata, gyara ne ke cinye kwalba uku a kowace jarka, sai a riƙa rubuta shi a littafi. Mata suka yi hamdala, wasu har da dariya, don duk cikinsu ba wadda za ta iya sayar da mai ba gyara. Hajiya Asama'u ta ce gobe za a kai takardar.

Suka taho gida tare da Gwaggo, da suka iso ƙofarta sai ta juyo.

"Barira, ranar nan da kika zo taya ni hira, ashe hannuna kike ƙirgawa?"

"Gwaggo, don in wanke ki ne."

"Ki wanke ni daga me?" Ta tsaya tana dubanta. "Kin zaci na ɗauka ke nan."

In Barira ta ce a'a, ta yi ƙarya. Kwana huɗu cur ta yi tana zaton haka.