Warƙar Kakana a Cikin Leda

Woolwich

Ƙarfe bakwai da kwata muka fita daga flat ranar Talata, gari bai waye ba saboda lokacin sanyi ne. Ni da 'yata Hadiza, mai aikin jinya a nan Landan. A jakata akwai warƙa guda ta rubutun hannun kakana, Malam Sule. Ita kaɗai ta rage cikin littattafansa na Katsina. Sauran kuwa, ruwa ya ci su ranar da soro ya rufta, gara ta ƙarasa.

Shekara uku ke nan na kai ta shago aka saka ta a leda, aka matse da zafi, yadda muke yi wa takardar haihuwa. Bana sai na ga tawadar tana dushewa. Hadiza ta ce akwai masu gyaran tsofaffin takardu a babban ɗakin karatun ƙasar nan.

"Na yi mana booking na ƙarfe goma, Mama. Ban da gaishe-gaishe a hanya."

"Wa na sani a garin nan da zan gaisa da shi?"

Farringdon

Minti ashirin a jirgi, a tsaye, na rungume jakar. A Farringdon muka canza zuwa tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, tasha ɗaya muka sauka. Hadiza ta sayo mana shayi, fam uku kofi guda. Na kasa sha.

Ɗakin karatu

A ƙofa aka bincike jaka. Kafin lokacinmu ya yi muka zaga wani ɗaki mai duhu, littattafai kwance cikin gilashi. Hadiza na karanta mini: wannan ya haura shekara dubu, wancan daga Masar. Ta ce a Fas ta Maroko akwai ɗakin karatu mai irin waɗannan shekaru, har yau yana nan. Namu ko ɗari bai kai ba.

Ƙarfe goma wata Baturiya mai furfura ta karɓe mu. Ta juya warƙar a hankali. Da ta yi magana sai Hadiza ta sunkuyar da kai.

"Me ta ce?"

"Mama, ledar ce. Gam ɗin ya shiga takardar, shi ke cin tawadar. In aka ɓare, rubutun zai biyo ledar."

"In aka bar ta fa?"

"Zai ci gaba da tafiya a hankali."

Na ce a gaya mata don in tsare warƙar na yi. Matar ta gyaɗa kai, ta ce ta sani. Sannan ta matso da fitila, ta karanta layi biyu da Hausarta mai tsami: maganin zazzaɓin yara ne kakana ya rubuta. A layi na uku ta tsaya, babu abin karantawa. Ni boko na koya a ajin yaƙi da jahilci, ajami ban iya ba. Ranar na fara jin abin da ke jikin warƙar.

Komawa

Baturiyar ta ɗauki hoton warƙar, ta ce a ajiye ta a duhu. Ƙarfe ɗaya saura muka iso gida. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Hadiza da ta ba da ranar hutunta. Na naɗe warƙar a tsohon mayafina, na tura ƙasan akwati. Hadiza ta ce in riƙa dubawa. Na ce a'a, bar ta. Ba na son in ga ranar da za ta koma fara.