Murhun Gidan Ammi Shakir

A gefen Mas'a, inda ake Safa da Marwa, kafin a faɗaɗa Harami, akwai wani lungu da mutanen Makka ke kira lungun Maskofa. 'Yan kasuwa ne daga ƙasar Rasha suka gina shi, Musulmin Kazan, masu fataucin darduma da tangaram da samawar ta dafa shayi. Gidajensu benaye ne na dutse, da roshan irin na kowa, wato tagogin katako masu ƙananan ƙofofi da ke leƙo kan hanya. Sai dai su shuɗin fenti suke shafa wa nasu, kuma a goshin kowace ƙofa an sassaƙa furannin da ba wanda ya taɓa ganin irinsu a Hijaz. Yau ko dutse ɗaya bai rage ba.

Mukhtaru haifaffen Makka ne. Iyayensa Katsinawa ne da suka tako da ƙafa ta Sudan, suka sauke farali, ba su koma ba. Ya tashi yana sayar da ruwa, garwa biyu a sanda, kuma ruwan ne ya kai shi gidan ɗaya daga cikin 'yan kasuwan nan, Ammi Shakir, wato Baffa Shakir, a farkon shekarun 1930. Lungun ya fara mutuwa a lokacin. Tun da 'yan kwaminis suka karɓe ƙasarsu hanya ta toshe, ba kaya, ba alhazai. Wasu suka sayar da gidajen, wasu aka kai su Ma'ala aka binne.

Ammi Shakir ya ƙi sayarwa. Ya baro matarsa da 'yarsa Asiya a Kazan da niyyar ya gama gini ya koma ya ɗauko su. A ɗakin sama ya sa magina suka yi masa murhu irin na garinsu, ƙato, daga ƙasa har rufi, an lulluɓe shi da fale-falen tangaram fari da shuɗi, da 'yar ƙofar ƙarfe a gindinsa. Ya ce a can yara a jikin murhu suke kwana saboda sanyi, idan Asiya ta zo ba ta gan shi ba, ba za ta yarda gida ta zo ba. Bai taɓa hura shi ba. Wutar farko, in ji shi, matar gida ce ke hura ta.

Da tsufa ya kama shi, sai ya ba Mukhtaru da matarsa Saudatu ɗakunan ƙasa. Ranar da ya ji jikinsa ya ƙi, ya kama hannun Mukhtaru ya ce, "Ya waladi, ɗana, matar ba na jin tana raye. Amma yarinyar za ta zo. Ta tarar da gidan nan a tsaye."

"In sha Allah, Ammi," in ji Mukhtaru. Ya ɗauki maganar nan ya ɗora wa kansa.

Duk shekara kafin aikin hajji sai ya yi wa bango farar ƙasa, ya sabunta shuɗin roshan, ya goge tangaram ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin saman bai taɓa ba alhazai haya ba, ko a shekarun yaƙi da abinci ya yi wuya. Tijjani mai tsire, abokinsa da ke bakin lungun, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Kai Mukhtaru, yaya amaryarka ta sama? An yi mata wanka yau?"

"Ka ji da naman da ƙuda ke bi."

"Wallahi ban taɓa ganin wauta irin ta Maskofa ba. A Makka, inda ƙwai ke dahuwa a kan dutse, mutum ya gina tanderu a ɗakin kwana! Ka ara mini shi mana in riƙa gashi."

Saudatu ita ba da wasa take yi ba. "Abu Yunus," takan ce wa mijinta, don da sunan ɗansu take kiransa, "yarinyar nan da kake cewa yarinya, yanzu ta girme ni. Mu muna cushe a ƙasa kamar kaji, ɗaki mai iska yana sama yana jiran wadda ba ta san da mu ba."

A cikin shekarun 1950 aka ce alhazan Rasha sun fara zuwa, 'yan kaɗan, a rukuni ɗaya. Mukhtaru ya bi su har masaukinsu. Da ya ambaci Kazan sai suka dubi juna, suka dubi wani mai kwat, ɗan sa-idon gwamnatinsu da ke tare da su, suka kau da kai. Bayan la'asar wani dattijo a cikinsu ya sulale ya biyo shi. Da suka hau sama ya ga murhun, ya tsaya cik, ya dafa shi da hannu biyu, ya kifa goshinsa a kan tangaram. Da 'yar Larabcinsa ta karatu ya tambayi sunan mai gidan da unguwarsu.

"Na san unguwar," ya ce. "An yi yunwa. Daga baya aka kwashe iyalan 'yan kasuwa. Ban san inda aka kai su ba. Kada ka ce na zo nan."

"To Asiya fa?"

Dattijon ya buɗe tafin hannunsa kawai, ya sauka.

Ba a daɗe ba ma'aikatan rusau suka zo suka shafa jan fenti a ƙofofin lungun. Harami za a faɗaɗa, ba wanda zai ce a'a ga wannan, Mukhtaru ma bai ce ba. Ya gwada ɓamɓare tangaram ɗin ya tafi da shi, amma duk wanda ya sa wa wuƙa sai ya tsage. Ya bari.

Ranar ƙarshe, an riga an ɗora kayansu a kan jakuna za su unguwar Utaibiyya, ya ce wa Saudatu ta biyo shi sama. Ya zuba itace a cikin murhun, ya miƙa mata ashana.

"Ke ce matar gidan nan," ya ce. "Tun tuni ke ce. Hura."

Ta dube shi, ta durƙusa ta hura. Itacen ya kama. Sai hayaƙi ya fara dawowa ta ƙofar ƙarfen, baƙi, ya cika ɗakin, ya riƙa fita ta roshan. Tijjani ya hawo da gudu da bokitin ruwa yana salati. Da suka kashe wutar, Mukhtaru ya hau rufin gidan ya nemi inda hayaƙin zai bi. Babu. Maginan Makka ba su taɓa ganin irin wannan murhu ba, suka kai shi har rufi suka toshe da dutse yadda ake rufe kowane bango. Ammi Shakir bai sani ba har ya mutu.

Mukhtaru ya daɗe a tsaye a cikin rana. Da ya sauko, tangaram ɗin da ya shekara da shekaru yana gogewa ya yi baƙi ƙirin. Ya ɗaga bakin rigarsa zai goge, sai ya sake ta.

A Utaibiyya ya koma ɗaukar ruwa har bayansa ya ƙi. Idan ya je Harami, akwai wani wuri a kan marmara, daidai inda gidan yake a dā, da yakan tsaya ya ɗaga kai sama. Tijjani bai ƙara yi masa tsokanar amarya ba.