Ranar da Baba Ya So Tura Bas a Manhattan

Stapleton, ƙarfe shida da rabi

Gari bai waye ba muka ja ƙofa muka kulle. Na gaya wa Baba cewa tsofaffin bas ɗin da za mu gani ba sa fara aiki sai ƙarfe tara, ya ce shi a shekara talatin da biyar da ya yi yana jan bas tsakanin Kano da Maradi bai taɓa fara tafiya da rana a sama ba. Ban ja ba. Mutumin da ya yi wata biyu a gidana bai leƙa ko bakin titi ba in ba zuwa asibiti ba, in ya ce a fita da asuba ai sai a nemi takalmi.

Aikin ido ne ya kawo shi New York. An cire yanar idon dama lafiya, saura na hagu, an sa ranar Alhamis. Sai Baba ya tubure, wai ido ɗaya ya ishi tsohon da ya ajiye tuƙi, a canza masa tikiti ya koma gida. Likita kuwa ta ce in aka ƙyale na hagun zai rufe gaba ɗaya. Na roƙa, na yi fushi, na yi kuka a kicin, duk a banza. Fasfo ɗinsa ma a aljihun gaba yake kwana. Da na ji za a fito da tsofaffin bas na birni a ɗauki fasinja ranar Asabar, na ce bari in gwada wannan, ko ba komai ya sha iska.

Jirgin ruwa, ƙarfe bakwai

Minti biyar a jirgin ƙasa muka isa St. George, inda ake shiga jirgin ruwan da ke tsallakawa zuwa Manhattan. Jirgin ruwan kyauta ne, abin da Baba ya ƙi yarda da shi sai da ya ga babu mai karɓar kuɗi. Minti ashirin da biyar muka yi a kan ruwa. Na nuna masa dogayen benaye suna fitowa daga hazo, ya kalla da idonsa mai gani ya ce, "Uwata, sanyi dai ake yi." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka, kuma in ya kira ni haka da wannan murya, zance ya ƙare ke nan.

Titi na 42, takwas saura

Daga bakin ruwa muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Titi na 42. Saura fiye da awa guda, kamar yadda na faɗa. Allah ya haɗa mu da wani ɗan Damagaram yana shimfiɗa huluna da safar hannu a kan teburi. Yana ganin babbar rigar Baba a kan kwat ya rusuna.

"Ina kwana, Baba? Ku zauna bisa kujerata. Tsoffin kar ɗin nan kuka zo gani? Gaban nan suke tsayawa."

Kar, wato bas a bakin mutanen Nijar. Ya zuba mana shayi daga filas, na sayo biredi mai zagaye da man shanu a wajen mai keken kofi. Ɗan Damagaram ɗin ne ya gaya wa Baba cewa mutane har daga wasu garuruwa suke zuwa.

"Don tsohuwar mota?" in ji Baba. "Tawa 'yan gwangwan na sayar wa, a kilo."

Cikin bas, tara da kwata

Ta iso tana gurnani, koriya, mai zagayayyen goshi, an goge ta tana ƙyalli. Kuɗin shiga daidai da na kowace bas. Mutane suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto, Baba kuwa ya sa tafin hannu ya bubbuga gefenta kamar mai duba ragon layya. Ya zaɓi kujerar da ke bayan direba. Direban wani dattijo ne baƙar fata, mai furfura, da hular aiki irin ta da.

Kujerun masu taushi ne, ga igiya a saman taga da ake ja in za a sauka. Baba bai kula da waɗannan ba. Ya karkata kunne yana sauraron injin, yana kallon yadda dattijon ke juya ƙaton sitiyarin da hannu biyu. A hankali ya ce, "Wannan direba ne." Rabon da in ji ya yabi wani abu a ƙasar nan har na manta.

Mun wuce babban ɗakin karatu da kaɗan, danja ta tsayar da mu, sai injin ya yi tari ya mutu. Kafin in ankara Baba ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya juya ga bas cike da Turawa da 'yan yawon buɗe ido ya ce da Hausa, "To, maza, a sauka a tura."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Direban ya tambaye ni me ya ce. Na fassara, sai ya kwashe da dariya har yana dukan sitiyari. Ya ce in gaya wa babana irin wannan ba a tura ta, lallashinta ake yi. Ya jira kamar minti ɗaya, ya murɗa, ta kama. Fasinjoji suka tafa. Baba ya zauna yana gyaɗa kai.

"Haka tawa take. In ka matsa mata sai ta ƙi."

Bakin kogin Hudson, goma saura

A ƙarshen layi akwai hutun minti ashirin. Direban ya yafito mu, ya zagaya baya ya ɗaga murfin injin don Baba. Ni na zama tafinta. Suka yi ta yi: shekara nawa kowa ya yi a kan hanya, wace irin hanya, yadda birki ke yi a gangare. Direban ya ce shi ma ya yi ritaya, shi da wasu tsofaffi ke kula da motocin.

Baba ya sunkuya cikin injin. Wurin da duhu, iskar kogi kuma ta sa idonsa mai kyau yana ta hawaye. Ya miƙa hannu zai taɓa bel, ashe wajen bututu mai zafi ya nufa. Direban ya cafke masa wuyan hannu da sauri.

Baba ya tsaya yana kallon hannunsa. Tausayinsa ya kama ni, don na san bai taɓa zaton akwai ranar da zai kuskure wuri a cikin inji ba.

Dattijon ya dubi farin da ke idon Baba na hagu, ya nuna nasa idanun da yatsu biyu. Ya ce shi ma an yi masa, duka biyun, ba don haka ba da ba a bar shi ya riƙe sitiyarin nan ba. Ya ƙara da cewa nan da mako biyu za su sake fitowa, fitar ƙarshe ta bana, Baba ya zo ya ga injin sosai. Na fassara ba tare da na ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma Allah ya san wahalar da na sha wajen kame bakina.

Sau uku muka yi zuwa da dawowa a wannan bas. Baba ya ja igiya a wurin da ba za mu sauka ba, don kawai ya ji ƙararrawar.

Gida, bayan azahar

A jirgin ruwan ƙarfe ɗaya da rabi bai yi maganar sanyi ba, ya ci gyaɗa mai sukari yana kallon ruwa. Mun shiga gida biyu da kwata. Ya yi salla, na ɗuma masa miyar kuka. Yana wanke hannu ya zaro fasfo daga aljihu ya ajiye a kan teburi.

"Uwata, adana wannan. Ranar Alhamis ƙarfe nawa likitar ta ce?"

"Ƙarfe goma, Baba."

"To, mu fita da asuba."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa ɗan Damagaram da shayinsa, da dattijon direban da ko sunansa ban tambaya ba. In mun koma nan da mako biyu, Baba zai tambaye shi da kansa, yana kallonsa da ido biyu.